Shawarar likita ta waya kan sikila, anya za ta yi mana amfani mu na ƙauye?

Maman Auta:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo dan raina a jagule yake. Autana watansa goma sha huɗu, tun yana wata bakwai yake kumburin hannu da ƙafa, yayi ta kuka ko taɓa shi akayi sai ya ƙanƙame jiki, mu duk mun ɗauka haƙori ne, kakarsa tayi ta jiƙa masa saiwa. Watan jiya zazzaɓi ya kwantar da shi idonsa yayi ɗorawa tafin hannunsa yayi fari fat, muka kai shi birni, aka ɗebi jininsa aka gwada sannan aka ƙara masa jini, kwananmu biyar. Ranar sallama likita yace min yaron sikila ne, SS, ku je ke da mijinki ku gwada jininku, ku dinga kawo shi. Iyakar abin da na ji kenan dan layi ne a bayana har bakin ƙofa, ban ma san me zan tambaya ba. Daga garinmu zuwa Kano awa uku ne a mota in hanya tayi kyau. To yanzu nas ɗin asibitin garinmu tace akwai wata ma'aikaciya a birni da ta karanci harkar cututtukan gado, tana magana da iyaye ta kiran bidiyo, za a haɗa mu da ita a wayar nas ɗin, amma wai sai ni da maigida tare. Shi kuma yace maganar waya ba magani bace, uwarsa kuma tana ta faɗa a tsakar gida wai su a danginsu ba a san wannan cutar ba. Yarana huɗu, ɗaya ya rasu yana shekara biyu aka ce zazzaɓi ne, yanzu kullum shi nake tunawa. Shin in matsa a yi kiran nan ko ɓata lokaci ne?

Uwargida:
Allah sarki, Allah Ya ba shi lafiya. Ki matsa 'yar uwa, ko ba komai kya samu wanda zai saurare ki.

Baban Yara:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba yaro lafiya. Ni dai gaskiya ina bayan maigidanki a nan, kuma ba dan ina namiji ba. Yaron da ke kuka da ciwon ƙashi tsakar dare me kiran bidiyo zai yi masa? Abin da muke buƙata a karkara magani ne da jini da likita mai jini a jika, ba a ba mu hoto a waya a ce an taimake mu ba. Ina tsoron kar abin ya zama hanyar da za a bi a ce ai an kai musu likita alhali ba a kai komai ba. Ga sabis ɗin ma, mu nan sai ka hau kan tudu ko ka je bayan makaranta kafin kira ya shiga.

Anti Nas:
Baban Yara maganarka akwai gaskiya a ciki amma ka haɗa abu biyu waje ɗaya. Jinya daban, wannan zaman daban. Ita wannan ma'aikaciyar ba allura za ta yi ba, aikinta ta zauna da iyaye ta warware musu daga ina abin ya zo, me zai iya faruwa a ciki na gaba, su waye a gidan ya kamata a gwada, kuma wace alama ce in an gani ba a kwana a gida. Na yi shekaru a ɗakin yara, wallahi mafi yawan yaran da muke rasawa ba dan babu maganin bane kawai, an kawo su a makare ne saboda ba wanda ya taɓa zama ya gaya wa uwar cewa zazzaɓi a jikin mai sikila ba irin na sauran yara bane. Likita a kilinik yana da mutum sittin a layi, minti uku zai ba ki. Wannan zaman kuwa minti talatin zuwa awa ɗaya ake yi kuma magana ce zalla da zane a takarda, shi yasa waya take iya ɗaukarsa.

Maman Auta, abu na farko da nake so ki riƙe tun kafin kiran: yaro ba ya zama SS daga uwa kaɗai. Sai ya ɗauko S ɗaya daga gare ki, S ɗaya daga babansa. Babu wata hanya ta uku.

Maman Auta:
Anti to ya akayi shi lafiyarsa ƙalau, ni ma lafiyata ƙalau? Abin da surukata take kafa hujja da shi kenan, tace ɗanta ko ciwon kai ba ya yi.

Anti Nas:
Saboda mai AS, wato mai S ɗaya kawai, ba mara lafiya bane ƙanwata, ɗauke da shi kawai yake, zai iya tsufa bai sani ba. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kin ga kenan ba dangin da za su bugi ƙirji su ce babu a cikinsu. Kuma yawansa a ƙasashenmu yana da dalili, mai AS yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani tun yana yaro, shi yasa ya yaɗu a inda sauro yake da yawa. Ana ƙiyasta jarirai wajen dubu 150 ake haifa da sikila duk shekara a ƙasar nan, babu ƙasar da ta kai mu a duniya.

Ɗan Lab:
Bari in ƙara kan maganar Anti, dan akwai kuskuren da nake ji kullum a bakin tagar karɓar sakamako. Mutane suna cewa in AS ya auri AS, cikin yara huɗu ɗaya ne zai zama sikila, to tunda mun samu ɗayan sauran ukun sun tsira. Ba haka lissafin yake ba sam. Ɗauki ƙwarya biyu, ta uba da ta uwa, kowacce ka saka wake biyu, fari ɗaya ja ɗaya. Rufe ido ka ɗauko ɗaya nan ɗaya can. In fari da fari ne AA, in fari da ja ne AS, in ja da ja ne SS. Sai ka MAYAR da waken cikin ƙwarya kafin ciki na gaba. Kowane ciki sabon ɗauka ne, ƙwarya ba ta tuna abin da ya fito bara. Shi yasa zaka ga gida yara shida ba SS ko ɗaya, wani gidan kuma uku a jere. Ɗaya bisa huɗu ne SS a kowane ciki, rabi AS, ɗaya bisa huɗu AA.

Kuma Maman Auta kin yi sa'a da aka ɗebi jininsa kafin a ƙara masa, dan in an ƙara wa yaro jini sai gwajin ya ruɗe, jinin wanda ya bayar zai fito a ciki a ce AS ne alhali SS ne, sai an jira kamar wata uku. Haka jaririn da bai kai wata shida ba, gwajin da yawancin ƙananan lab suke yi ba ya fitar da shi sosai saboda har lokacin irin jinin da ya zo da shi daga cikin uwa ne ya fi yawa a jikinsa, sai da na'urar HPLC ko kuma irin ɗan tsinken nan na gaggawa kamar HemoTypeSC da ake ɗiga jini daga ɗan yatsa ko diddige a samu amsa cikin mintuna.

Baban Yara:
To ai ka kawo ni inda nake so. In gwajin kansa ba tabbas, me mai shawarar za ta gina maganarta a kai? Ƙanina kafin aurensa an gwada shi a wani ɗakin gwaji aka ce AA, matar AS, aka ɗaura aure hankali kwance, ɗansu na biyu SS. Da aka sake gwadawa a wani wajen sai ga shi AS. Da a waya aka ba su shawara da waccan takardar ai da ƙarya aka ƙara musu.

Ɗan Lab:
Wannan gaskiya ne kuma yana ci min rai a matsayina na ɗan sana'ar. Wani wajen kayan aikin sun tsufa, wani wajen wuta ce take ɗaukewa ana tsakiyar gwaji, wani wajen kuma Allah Ya kyauta takardar kawai ake rubutawa a karɓi kuɗi. Amma ka lura ko gaba da gaba aka zauna da waccan takardar sakamakon ɗaya ne, laifin ba na waya bane. Mai shawara da ta san aikinta ma ita ce za ta fara tambaya ina aka yi gwajin, da wace hanya, an maimaita? Ni kullum ina cewa a yi sau biyu a wurare biyu daban.

Ɗan SS:
Salam. Ni shekarata 31, SS ne ni, ina da mata da 'ya ɗaya, ina aikina. Na faɗi wannan ne da farko dan Maman Auta ta ji, saboda na san abin da ake faɗa mata a gari, wai ba sa wuce ashirin. Haka aka yi ta gaya wa mahaifiyata.

Abin da ya fi ciwon ƙashi zafi a yarintata shi ne abin da na ga an yi wa mahaifiyata. Yayyena biyu sun rasu suna ƙanana, ana ce mata mai wabi, aka yi ta kai ta wajen masu magani, aka tsaga min goshi, dangin babana suka sa shi ya ƙara aure wai ya samu lafiyayyun 'ya'ya, kuma ikon Allah amaryar ma AS ce, ƙanwata ta wajenta SS ce. Sai ina aji uku a sakandare wata likita ta zaunar da babana ta zana masa abin a takarda, ya dawo gida ya kasa cin abinci, da daddare na ji shi yana ba mahaifiyata haƙuri. Shekara goma sha biyar tana ɗauke da laifin da ba nata ba saboda babu wanda ya ba su rabin awa. To Baban Yara in ka ce magana ba magani bace ni ban yarda ba, da a ce a lokacin akwai wayar da za a kira babana a gaya masa wannan tun haihuwar yayana na farko, ban san me zai canza a lafiyarmu ba amma na san me zai canza a gidanmu.

Uwargida:
Wallahi ka sa ni hawaye. Allah Ya saka wa iyayenmu mata.

Baban Yara:
Allah Ya ƙara maka lafiya ɗan uwa, ban raina abin da ka faɗa ba. Ni tsorona dai kar a tsaya a maganar.

Yaya ta Amurka:
Bari in faɗi yadda na gani a nan, ba dan in ce a kwaikwaya komai ba. A nan kowace jiha ana gwada duk jaririn da aka haifa, ana ɗan huda diddigensa kwana ɗaya ko biyu da haihuwa, tun 2006 sikila tana cikin gwajin a duk jihohin. 'Yata ta fito AS, bayan sati biyu aka kira ni aka haɗa ni da mai ba da shawara kan gado ta bidiyo, lokacin korona ne a 2020 ba a zuwa asibiti sai dole. Aiki ne mai zaman kansa a nan, digiri na biyu ake yi a kansa, ba likita bace ba nas bace. Kuma ko a nan ɗin ba su wadata ba, yawancinsu suna manyan birane, mutanen karkara da baƙi irinmu da marasa inshora sai su yi watanni suna jiran layi ko su yi tafiyar awanni, shi yasa bidiyon ya karɓu sosai har bayan korona ta wuce.

Amma ga abin da na lura. Maƙociyata 'yar Nijar ce ba ta jin Turanci sosai, aka haɗa ta da tafinta ta waya, tafintan ya fassara mata cewa ɗanta yana ɗauke da cutar, ta kwana uku tana kuka ta ɗauka SS ne alhali AS ne. Kalma ɗaya ce ta karkace. Dan haka Maman Auta ki tambaya tun yanzu, matar nan da Hausa za ta yi magana? In da Turanci ne nas tana fassarawa a tsaitsaye to a sake shiri.

Maman Auta:
Yaya na tambaya ɗazu, tace Bahaushiya ce.

Ɗan Maraɗi:
Sallama gare ku. Mu nan wajenmu babbar cibiyar masu wannan ciwo tana Yamai, daga Maraɗi kuwa tahiya ce ta wuni guda a mota, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana talaka. Ɗiyar yayana muna kai ta likita nan cikin gari amma bayanin gado ba mu taɓa samun wanda ya zauna ya yi muna shi ba, abin da na sani a nan gurup ɗin na koye shi. Matsalar da ni gani ita ce rezo, ƙauyenmu bidiyo ba ya tahiya ko kaɗan, sai dai murya. Shin in murya ce kaɗai abin yana yiwuwa?

Anti Nas:
Yana yiwuwa Malam, da sharaɗin akwai ma'aikacin lafiya zaune kusa da iyayen. Ni a ganina wannan shi ne ƙashin bayan abin gaba ɗaya, ba kyamara ba. Misali akwai abin da dole a koya wa uwar mai sikila, yadda za ta taɓa cikin yaro ta gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari ta ji girman saifa, dan wani lokaci jini yana taruwa a saifa farat ɗaya yaro yayi fari ya galabaita cikin awanni, in ba a kai shi an ƙara jini ba shikenan. Wannan ba a koyonsa da kunne, sai an kama hannun uwar an ɗora a cikin yaron. Ta wayar tana bayani, ta kusa tana nunawa. In an tura hoton zanen gadon ta WhatsApp tun kafin kiran, ko nas ɗin ta zana da kanta, murya ta wadatar.

Tunda an zo nan bari in faɗi abubuwan da nake so ki ji an ambata a kiran, in ba a ambata ba ki tambaya. Penisilin kullum har ya kai shekara biyar, saboda saifarsu ba ta kare su daga ƙwayoyin cuta yadda ya kamata. Folik asid. Kariya daga zazzaɓin sauro da kwana cikin gidan sauro. Riga-kafi duka kar a tsallake ko ɗaya. Ruwa da yawa, a rufe shi da kyau lokacin hunturu, kar a yi masa wanka da ruwan sanyi. Zazzaɓi in ya kai 38.5 asibiti a ranar ko tsakar dare ne, ki sayi ma'aunin zafi ki ajiye. Kar ki saya masa maganin ƙarin jini na kemis mai sinadarin ƙarfe sai likita ya ce, ƙarancin jininsu ba irin wancan bane. In ya cika shekara biyu akwai hoton jijiyoyin kai da ake yi duk shekara har zuwa sha shida, dan gano yaran da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, dan in ba a yi komai ba kusan ɗaya cikin goma na masu SS yana samunsa kafin ya kai ashirin. A nan Kano an yi babban bincike a kan wannan, Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala suna ciki, aka ga maganin haidroksiyuriya yana rage haɗarin ga yaran da hoton ya nuna matsala. Amma shi wannan maganin likita ne yake rubutawa kuma ana bin sa da gwajin jini lokaci lokaci, ba a saye a kemis a fara.

Baban Yara:
Kin ga duk waɗannan da kika lissafa sai an je birni. Hoton kai a waya za a yi?

Anti Nas:
A'a, sai an je. Amma bambanci ne tsakanin zuwa sau biyu ko uku a shekara ka san me ka je yi, da zuwa a rikice da yaro a kafaɗa rai a hannun Allah. Ban ce waya ta maye gurbin asibiti ba.

Malamin Islamiyya:
Assalamu alaikum. Na ga ba a taɓo wani ɓangare ba kuma na san shi ne yake hana maza da yawa zama a irin wannan. Suna jin tsoron za a ce musu ku daina haihuwa ko ku rabu, wasu kuma suna ganin shiga hurumin Allah ne a ce ana lissafin abin da ke cikin mahaifa. Na biyun dai amsarsa a fili take, neman sani ba ya karo da tawakkali, Annabi SAW ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Na farkon ne nake so masana su amsa min, shin ita mai shawarar hukunci take yankewa?

Yaya ta Amurka:
Malam a ƙa'idar aikin ba ta yanke wa kowa hukunci. Ta gaya maka yadda abin yake, ta gaya maka hanyoyin da ke akwai, zaɓi naka ne da iyalinka. In ka ji wadda take cewa dole ku yi kaza to ta fita daga aikinta.

Ɗan SS:
Haka ya kamata amma a gaskiya ba kowa ke bi ba Malam. Ni an taɓa ce min a gaban mutane wai irinmu bai kamata a haife mu ba, kuma ma'aikacin lafiya ne ya faɗa. Shi yasa nake so a bambance, ba duk wanda ya sa farar riga ya iya wannan zaman ba, koyonsa ake yi. Gidauniyar sikila ta Najeriya da ke Legas, wadda Farfesa Olu Akinyanju ya kafa, ta daɗe tana horar da ma'aikata kan ba da wannan shawarar, amma in ka duba yawanmu da yawan waɗanda aka horar ko kusa ba su isa ba, balle waɗanda suke jin Hausa. To in mutum ɗaya mai horo yana Kano, waya za ta iya kai shi ƙauye goma a sati, mota ba za ta iya ba.

Malamin Islamiyya:
Na gamsu. Maman Auta in maigidan yana da malamin da yake jin maganarsa, a bi ta nan. Kuma kar a ce masa zo a nuna maka laifinka, a ce masa zo ka ji yadda za ka kare ɗanka.

Uwargida:
Ni abin da ke damuna sirri ne. Asibitin ƙauye ɗaki ɗaya ne, ana sa waya a sifika duk masu awon ciki suna ji, kafin la'asar gari ya ɗauka gidan wane masu sikila ne, gobe 'yan matan gidan su rasa manema. Na ga an yi haka da maganar wata cutar daban.

Anti Nas:
Wannan babbar magana ce Hajiya. Ki roƙi nas ɗin a sa lokacin da ba kowa, bayan an tashi ko ranar da ba awo, a rufe ƙofa, kuma kar a yi rikodin. Sakamakon gwaji kuma kar a tura shi wayar maƙoci ko ta ɗan acaɓa dan ita ce mai data, na sha gani. Haƙƙinku ne ku ce ba ku yarda wani ya zauna ba, har surukar, sai in ku kuka so.

Ɗan Lab:
Kuma ba sikila kaɗai ake wannan zaman dominta ba, tunda na ga wasu suna bibiya shiru. Iyayen zabiya, yaron da aka haifa kurma alhali iyayen suna ji, yara maza da jininsu ba ya tsayawa bayan kaciya, jariran da suke yin ciwon shawara mai tsanani in an sa musu kafur a kaya, duk akwai gado a ciki kuma kowanne hanyar gadonsa daban. Masu auren zumunci ma in an ga ciwo iri ɗaya yana maimaituwa a dangi ya kamata su nema, ba dan a hana su ba. Sannan akwai AC, mai ɗauke da C maimakon S, bai kai AS yawa a arewa ba, ya fi yawa wajen Gana da Burkina Faso da ƙasar Yarbawa, amma AS da AC suna iya haifar SC, ita ma sikila ce.

Baban Yara:
Ai yanzu Kano an yi doka tun 2024 sai an yi gwaji kafin aure har da na jinotayif, ina ga nan gaba abin zai ragu.

Ɗan SS:
Dokar ta masu shirin aure ce. Su Maman Auta da suka yi shekara tara da aure fa? Kuma ko masu shirin, a miƙa wa saurayi da budurwa takarda an rubuta AS da AS ba wanda ya zauna da su, me kake tsammani? Wasu su je su sayo wata takardar. Gwaji ba tare da bayani ba rabin aiki ne.

Maman Auta:
Salam 'yan uwa, na dawo da labari, yau kwana tara. An yi kiran jiya bayan la'asar. Na bi shawarar Malam, limamin unguwarmu ne ya yi masa magana ya yarda. Kafin nan mun je an gwada mu, ni AS shi AS. Bidiyon ya yanke sau uku, daga baya muka koma murya, nas ta ɗauko wake a gidan maƙota ta yi mana abin ƙwaryar nan da Ɗan Lab ya faɗa dan na nuna mata, shi da kansa ya dinga ɗauka yana mayarwa, sau takwas ya ɗauka ja da ja ya fito sau uku, ya yi shiru. Matar ta tambaye mu labarin yaron da ya rasu, tace ba za ta iya tabbatarwa ba tunda ba a gwada shi ba amma alamun da na faɗa suna kama, kuma tace ba sakacina bane, abin da ban sani ba ne. Nan na kasa riƙe kuka. Ba ta ce mu daina haihuwa ba, ta ce mu je mu yi tunani za ta sake kira bayan wata ɗaya, in muna da tambaya mu rubuta mu ajiye. An koya min taɓa saifa, na gwada sau biyu a gaban nas.

Shi maigida tambaya ɗaya ya yi, yace to yaran ɗakin abokiyar zamana fa? Tace ita ma a gwada ta, in AA ce babu SS a yaranta amma za a iya samun AS, in AS ce lissafin ɗaya ne da nawa. Yanzu ranar kasuwa zai kai mu gaba ɗaya, yarana biyu manya da ita da nata uku. Surukata ba ta ce komai ba har yanzu, amma da safe ita ta tuna min maganin yaron.

Baban Yara:
Alhamdulillah. Penisilin ɗin ana samu a garinku ko sai birni?

Maman Auta:
Babu a asibitinmu, na wata ɗaya muka taho da shi daga birni, saura na kwana goma sha ɗaya. Nas tace za ta tambaya ko direban motar kasuwa zai dinga karɓo mana.

Anti Nas:
Kar ki bari ya ƙare kafin ki aika, ki aika tun saura sati. Kuma ki sa nas ta rubuta miki sunan da adadin a takarda ki ba direban, kar ya je kemis ya faɗa da baki a ba shi wani abu daban. In kun je gwajin ranar kasuwa ki tambaya a wane asibiti ake hoton kan, ki sa a rubuta sunansa tun yanzu dan layin yana da tsawo.